Gulamreza Takhti: Ɗan kokawar Iran da ya ƙi taɓa ƙafar abokin karawarsa mai ciwo

A ranar 7 ga Janairun 1968 aka tsinci gawar Gulamreza Takhti a ɗakin wani otal da ke birnin Tehran. Shekarunsa 37. Fiye da shekara 50 ke nan da rasuwarsa, amma har gobe filayen wasa da tituna da dama a Iran suna ɗauke da sunansa.

Ƙasar ta samu 'yan kokawar da suka fi shi yawan lambobin zinare. Sai dai shi ne jama'a suka fi sani da laƙabin Jahan Pahlawan, wato gwarzon duniya.

Tasowarsa

An haifi Takhti a ranar 27 ga Agustan 1930 a Khaniabad, wata unguwar talakawa a kudancin Tehran. Ya taso cikin rashi, kuma tun yana matashi ya shiga kokawa.

Iraniyawa suna da gidan motsa jiki na gargajiya da suke kira zurkhane. A nan ake haɗa ƙarfin jiki da tarbiyya, ana koya wa ɗan kokawa cewa ƙarfinsa amana ce, kuma bai dace ya ci zalin mai rauni ba. Wannan tarbiyya ce Takhti ya ɗauka ya tafi da ita fagen duniya.

Kokawar da ya yi fice a kanta ita ce wadda ake kira firistayil. A kokawarmu ta gargajiya, da zarar mutum ya kai ƙasa an gama. A firistayil kuwa ana tara maki ne, ana ci gaba da fafatawa a kan tabarma, sai in an danne kafaɗun mutum biyu a ƙasa ko lokaci ya cika. An yarda a kama ƙafa, don haka duk wanda ke da ciwo a gwiwa yana cikin haɗari.

Daga azurfa zuwa zinare

A 1951 ya fara fita gasar duniya a Helsinki ta ƙasar Finland, inda ya samu lambar azurfa a rukunin kilo 79. Shekara guda bayan haka ya koma birnin don gasar Olamfik ta 1952, ya sake zuwa na biyu, a bayan David Tsimakuridze na Tarayyar Sobiyet.

Haƙarsa ta cimma ruwa a 1956 a Melbon ta Ostireliya. Ya koma rukunin kilo 87, ya lashe zinare, Boris Kulayev na Sobiyet ya zo na biyu. Shi da Imam Ali Habibi, wanda shi ma ya yi nasara a gasar, su ne suka fara kawo wa Iran zinaren Olamfik a tarihi.

Daga nan tauraruwarsa ta ci gaba da haskawa. Ya ci zinare a wasannin Asiya na 1958 a Tokyo, ya zama zakaran duniya a gaban 'yan ƙasarsa a Tehran a 1959. A Olamfik ta 1960 a Rum, Ismet Atli na Turkiyya ya hana shi zinare, ya tsira da azurfa. A 1961 ya sake zama zakaran duniya a Yokohama ta Japan.

Karawarsa da Medved

A 1962 Takhti ya hau rukunin kilo 97, inda ya haɗu da matashin Sobiyet Aleksandr Medved, wanda daga baya ya ci zinaren Olamfik sau 3. A gasar duniya ta shekarar a Toledo ta Amurka, Medved ne ya zo na ɗaya, Takhti na biyu.

Labarin da Iraniyawa suka fi ba 'ya'yansu game da mutanen biyu shi ne na gwiwa. Ana cewa Medved ya shiga wata karawarsu da ciwo a gwiwar dama, kuma Takhti ya sani. Doka ba ta hana shi kama ƙafar ba, hasali ma nan ce hanya mafi sauƙi ta samun nasara. Amma har aka tashi bai kai hannu wurin ba. Bayan rasuwar Takhti, Medved ya riƙa ziyartar kabarinsa idan ya je Iran.

Olamfik ta 1964 a Tokyo ita ce ta huɗu kuma ta ƙarshe gare shi. Yana da shekara 34, ya ƙare a matsayi na huɗu, Medved ya ɗauki zinare.

Girgizar ƙasa da siyasa

A watan Satumban 1962 girgizar ƙasa ta afka wa yankin Buin Zahra, ta hallaka mutum fiye da 12,000. Takhti ya fito titunan Tehran da ƙafa yana roƙon taimako. Ganin shi ne da kansa, mutane suka yi ta miƙo kuɗi da barguna da tufafi.

Wannan farin jini bai yi wa mahukunta daɗi ba, domin Takhti magoyin bayan Muhammad Musaddiq ne, firaministan da aka hamɓarar a 1953 bayan ya mayar da man fetur ɗin Iran hannun ƙasa. Filin wasa kan ɓarke da kiran sunansa ko da manyan gidan sarauta na wurin.

Shi ya sa da gwamnatin Shah ta sanar cewa shi ya kashe kansa, da yawa ba su yarda ba, suka zargi hukumar leƙen asiri ta SAVAK. Har yanzu ana taƙaddama a kan lamarin. Ya bar mata da ɗa ɗan wata 4.

An binne shi a maƙabartar Ibn Babawaih da ke Rayy, kudu da Tehran. Duk shekara 'yan kokawa da sauran jama'a na taruwa a kabarinsa a ranar da ya rasu, kuma ana gudanar da gasar kokawa ta ƙasa da ƙasa mai suna Kofin Takhti domin tunawa da shi.