Bargery da Ƙamusunsa: Waiwaye Kan Mai Tattara Kalmomin Hausa

Da wuya a sami ɗalibin Hausa da zai kammala karatunsa bai taɓa jin sunan Bargery ba, amma da yawanmu littafin muka sani, mutumin kuwa ko oho. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ɗan gutsura wa 'yan'uwa ɗalibai tarihinsa.

An haifi George Percy Bargery a garin Exeter na ƙasar Ingila a shekarar 1876. Ya zo Arewacin Nijeriya a farkon ƙarni na 20 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta CMS, kuma a wannan aiki ne ya koyi Hausa. Rashin lafiya ta mayar da shi gida a 1910. Bayan shekara biyu sai ya dawo, a wannan karo a matsayin jami'in ilimi na gwamnatin mulkin mallaka. A farkon shekarun 1920 gwamnati ta ɗora masa aikin haɗa ƙamus, aikin da ya ci masa fiye da shekara goma, har Madaba'ar Jami'ar Oxford ta buga shi a 1934.

Sunan littafin shi ne A Hausa-English Dictionary and English-Hausa Vocabulary, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan dakata. Me ya sa ya kira ɓangare ɗaya da wani suna, ɗayan kuma da wani? A Ingilishi kalmar vocabulary tana da fuska biyu. Ta farko ita ce jerin kalmomi da gajeriyar fassara, irin wanda ake sakawa a ƙarshen littafi. Ta biyu ita ce ɗaukacin kalmomin da mutum ko harshe ya mallaka, abin da wasu malamanmu ke kira rumbun kalmomi. Ma'ana ta farko Bargery ya nufa, domin ɓangaren Ingilishi zuwa Hausa ɗan taƙaitaccen jeri ne a ƙarshen littafi mai shafi fiye da 1,200. Da irin wannan suna ma aka fara harkar, domin littafin da J. F. Schön ya fitar a 1843 da shi ya kira shi. Wasu harsunan sun raba gardama da kalmomi biyu: masu magana da Gujarati a Indiya suna ce wa ƙamus shabdakosh, tarin kalmomin da ke bakin mutum kuma shabdabhandol. Namu ƙamus ɗin daga Larabci muka aro shi, inda asalin ma'anarsa teku ce.

To, a ganina ma'ana ta biyun ce ta sa littafin bai mutu ba. Bargery ya tattara kalmomi wajen 39,000, ya nuna karin sauti da tsawon wasali, ya bambanta ra-gare da ra-kaɗe, a lokacin da ba a ma tsayar da haruffa masu ƙugiya ba. Ya zaga ƙasar Hausa yana zama da malamai da masu sana'a, shi ya sa za ka ga ya yi wa kalma alama cewa ta Katsina ce, ko ta Sakkwato, ko Zazzau, ko Gobir, ko Haɗeja. Akwai sunayen itatuwa da na dawakai, da kayan saƙa da rini da ƙira. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jerin da ya yi a ƙarƙashin kalmar ƙato, inda ya kawo kalmomi fiye da 300 masu nuna girman abu. Mai karatu ya gwada ya ga ko zai iya kawo ashirin da ka.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba. R. C. Abraham ya taimaka masa kafin ya fitar da nasa ƙamusun a 1949, kuma Farfesa Westermann na Jamus ne ya rubuta bayanin da ke farkon littafin. Malaman Hausawa da suka zauna da shi suna fayyace masa ma'anoni kuwa, sunan Bature ne ya yi tashe ba nasu ba, kuma wannan abu ne da ya kamata manazarta su bi diddiginsa.

Akwai kuma iyakar da aikin ya tsaya. Ni mutumin Sorau ne, can kusa da Mubi a bakin iyakar Kamaru, inda Hausa take zaman harshen kasuwa tare da Fulatanci da Njanyi. Lokacin da littafin ya fito, yankinmu yana cikin ƙasar amana ta Kamaru da Ingila ke riƙo, sai a 1961 ya zama Nijeriya sosai. Hausar da Bargery ya bi ta tsakiyar ƙasar Hausa ce. Tamu ta gefe, mai yawan aro daga maƙwabta, wadda sau da yawa ba ta damu da bambanta jinsin namiji da tamace ba, har yau ta fi zama a baki fiye da takarda. Ban ɗauki wannan a matsayin laifinsa ba. Gona ce da ke jiran ɗalibi mai neman batun kundin digiri.

Bayan fitowar ƙamusun ya koyar da Hausa a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan daga 1935 zuwa 1947, jami'ar kuma ta ba shi digirin dakta a 1937 saboda wannan aiki. A 1953, yana ɗan shekara 77, ya sake dawowa Kano don gyaran fassarar Littafi Mai Tsarki, ya koma gida a 1957. Ya rasu a 1966. Madaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga ƙamusun a 1993 da ƙarin kalmomi daga Neil Skinner, a 2006 kuma Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda ke bayanin Hausa da Hausa. Yanzu ana iya binciken na Bargery a intanet.