Sayyidina Zubairu ɗan Awwamu da Dokinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Mu 'yan aji shida muka zaɓi tarihin wannan Sahabi bana, saboda yawancinmu ba mu da magana bayan hawan Sallah a nan Damagaram sai ta doki. Wasunmu har kuka suke wa iyayensu a saya musu. To, ga wanda ya mallaki doki tun ba shi da komai.

Zubairu, Allah Ya ƙara masa yarda, ɗan Safiyya ne, gwaggon Annabi (SAW), kuma Nana Khadija gwaggonsa ce. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, uwarsa ta rene shi da tsanani don kada ya tashi rago. Ya musulunta yana saurayi, ya yi hijira zuwa Habasha, daga baya Madina. Yana cikin goman nan da aka yi wa bushara da Aljanna. Ranar Badar dawakin Musulmi ba su kai a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, yana kan ɗaya daga ciki, da rawani rawaya.

Amma wa ke ciyar da dokin? Nan ne malaminmu ya tsayar da mu. Lokacin da ya auri Asma'u 'yar Abubakar, ba shi da dukiya sai dokin nan da raƙumin ɗebo ruwa. Ita ce ke ba dokin abinci, ta jawo ruwa, ta ɗinke guga in ya yage, ta kwaɓa gari, sannan ta ɗauko ƙwallayen dabino a ka daga gonar da ke nesa da gida, ta daka wa raƙumin. Cikin duk aikin gidan babu mai yi mata nauyi kamar kula da dokin, har mahaifinta ya aiko mata da mai taimako, ta ji kamar an 'yanta ta. Da muka ji haka sai muka yi tsit. Mu sirdi da kwalliya kawai muke gani, ba mu taɓa lissafa harawa da dusa da sharar barga ba.

'Ya'yansa sun tashi suna kallonsa a kan doki. Ranar Khandaƙ an ajiye ɗansa Abdullahi cikin ganuwa tare da mata, shi da Umaru ɗan Abu Salama suna hawa bayan juna don su leƙa, nan ya hango babansa yana kai da komo wajen Banu Ƙuraiza. A Yarmuk, shekara ta 15 bayan hijira, Zubairu ya keta sahun Rumawa har ya fita ta baya, ya juyo, suka sare shi sau biyu a kafaɗa. Ƙaramin ɗansa Urwatu yakan sa yatsunsa cikin tabon yana wasa. A wannan yaƙin ya ɗora Abdullahi kan doki yana yaro, amma fa bai sake shi ba, sai da ya haɗa shi da wani babba mai lura da shi.

A shekara ta 36 ya fita yaƙin Raƙumi, sannan ya janye bayan sun yi magana da Sayyidina Aliyu. Wani mutum, Ibn Jurmuz, ya bi shi ya kashe shi a Wadis Siba'i.

Kafin yaƙin ya kira Abdullahi, ba abin da ke damunsa sai bashi. Dalili kuwa, in an kawo masa ajiya yakan karɓa a matsayin rance, don in ta ɓace ya zama shi zai biya. Aka lissafa, bashin ya kai 2,200,000, ga shi bai bar dinari ko dirhami ba sai filaye da gidaje. Abdullahi ya sayar da filin Gaba ya biya. Duk da haka ya ƙi raba gado sai da ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji, ko akwai sauran mai bin babansa.