Joseph Fraunhofer, Marayan da Ya Karanta Hasken Rana

'Yan ajinmu za su tuna ranar da malamin kimiyya ya ɗaga gilashi mai kusurwa uku a bakin taga, hasken ranar Gwarzo ya bazu a bango kamar bakan gizo. A ranar na fara jin sunan Fraunhofer, amma sai da na yi ritaya na koma Kabo sannan na bi tarihinsa.

An haife shi a 1787 a Straubing, cikin Jamus ta yau. Yana ɗan shekara 11 ya zama maraya, aka kai shi Munich koyon sana'a wurin wani mai yin madubi, mutumin da ba ya son ganinsa da littafi. A 1801 gidan ya rufta da shi. Aka tono shi da rai a gaban mai mulkin Bavaria, Maximilian Joseph, wanda ya tausaya ya ba shi kuɗi. Yaron ya sayi littattafai da injin goge gilashi.

Wajen 1814, yana gwada ingancin gilashin da yake narkawa, ya shigar da hasken rana ta siririyar kafa. Sai ga baƙaƙen layuka sun ratsa launukan. Ya zauna ya ƙidaya fiye da 500. Da ya duba tauraron Sirius, ya ga nasa layukan daban. Tarin fuka ya kashe shi a 1826, yana da shekara 39, bai san dalilin layukan ba. Sai a 1859 Kirchhoff da Bunsen suka gano cewa kowane sinadari yana haɗiye nasa launin. Layin da ya sa wa harafin D na sodiyam ne, wanda ke cikin gishirin miyarmu.

Abin da ya fi burge ni shi ne tankaɗen siraran wayoyi da ya ƙera a 1821 don raba haske, domin zanen da ke jikin faifan DVD aikinsu ɗaya. Da kwalin takalmi da reza biyu da tsohon faifai na haɗa nawa, ban kashe kuɗin kwano ɗaya na shinkafa ba. Farin gajimare nake auna shi, kada kowa ya kuskura ya auna rana kai tsaye. Na sha wuya kafin na daidaita kafar, amma ran nan da hantsi na ga layin D da idona.

Zan zo da kwalin taronmu na gaba, idan Allah ya kai mu, in bar wa ɗaliban kimiyya.