Tarihin Albert Szent-Györgyi, Masanin Sirrin Tsoka

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, duk wanda ya zauna ajin bayoloji zai tuna da darasin tsoka. To, ga tarihin ɗaya daga cikin waɗanda suka share fagen wannan ilmi.

An haifi Albert Szent-Györgyi a birnin Budapest na ƙasar Hangari a 1893, kuma ya karanta likitanci. A 1937 aka ba shi kyautar Nobel, musamman saboda bincikensa a kan bitamin C, wanda ya tace daga tattasai. Maimakon ya miƙe ƙafa, sai ya koma kan binciken tsoka a Jami'ar Szeged.

Tun a 1939 masanan Rasha suka nuna cewa furotin mai suna miyosin yana fasa sinadarin ATP, wato man da ƙwayoyin jiki ke aiki da shi. A 1942 almajirinsa Straub ya ware wani furotin, aktin. Da Szent-Györgyi ya zuba ATP a kan zaren da ya ƙunshi furotin biyun, sai zaren ya tsuke, alhali ba a cikin jiki yake ba. Daga baya aka gano yadda abin yake: kan miyosin yana cafke aktin, ya ja, ya saki, ya sake cafkewa, kamar mai jan guga daga rijiya, kowane ja da ATP guda. Da haka zuciya take bugawa.

A lokacin yaƙi 'yan Nazi sun farauce shi, amma ya tsira. Ya koma Amurka a 1947, ya rasu a can a 1986.