Azikiwe: Ɗan Zungeru da ya yi wanke-wanke a Amurka don ya yi karatu

Kafin Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban Najeriya na farko, sai da ya shafe shekara tara yana karatu a Amurka cikin talauci.

An haife shi a Zungeru ranar 16 ga Nuwamban 1904, inda mahaifinsa yake aikin akawu a rundunar sojan Turawan mulkin mallaka. Ya taso yana jin Hausa, kafin a kai shi Onitsha wurin dangi don ya koyi Ibo.

Yana matashi ya saurari jawabin James Aggrey, malamin nan ɗan Gana da ya yi karatu a Amurka. Tun daga lokacin ya ƙudiri aniyar bin sahunsa, ko da yake a zamanin Ingila ce alƙiblar masu neman ilimin boko mai zurfi.

Yunƙurin farko

A 1924 Azikiwe da wasu abokansa suka ɓuya cikin wani jirgin ruwa a Legas. Tafiyar ba ta wuce Sekondi da ke Gana ta yanzu ba. A can ya shiga aikin ɗan sanda, har sai da mahaifiyarsa ta je ta lallashe shi ya dawo gida.

Da mahaifinsa ya ga ba zai haƙura ba, sai ya ba shi fam 300 daga abin da ya tara. Da wannan kuɗi ya isa Kwalejin Storer da ke jihar West Virginia a 1925, makarantar da aka gina domin baƙaƙen fata. Ɗaliban can ne suka gajarta sunansa zuwa Zik.

Ranar da ya yanke ƙauna

Ba a jima ba guzurin ya ƙare. Ya yi wankin kwanuka da leburanci, har da aikin haƙar kwal, ga kuma wariyar launin fata da ta rufe masa ƙofofi da yawa.

A birnin Pittsburgh abin ya kai maƙura. Ba aiki, ba kuɗin haya. Ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa cewa ya je ya kwanta a kan layin dogo yana jiran jirgin ƙasa, wani bawan Allah ya janye shi. Bayan wannan ne ya sake ɗaura ɗamarar komawa aji.

Ya shiga Jami'ar Howard da ke Washington, inda ya yi karatu a hannun fitaccen malamin falsafa Alain Locke. Rashin kuɗin makaranta ya sa ya koma Jami'ar Lincoln a Pennsylvania, ya kammala digirin farko a 1930. Cikin 'yan ajinsu akwai Thurgood Marshall, wanda ya zama baƙar fata na farko a cikin alƙalan Kotun Ƙolin Amurka.

Ya ƙara da digiri na biyu a Lincoln, da wani a Jami'ar Pennsylvania, ya kuma koyar a Lincoln.

Abin da ya dawo da shi

A Amurka ya ga yadda jaridun baƙaƙen fata ke yaƙi da zalunci, har ya riƙa yi musu rubutu. Wannan makami ya riƙe da ya dawo Afirka a 1934. Ya zama editan African Morning Post a Accra, sannan ya kafa West African Pilot a Legas a 1937, jaridar da ta hana Turawan mulki sakat.

Ya kuma share wa wasu hanya. Kwame Nkrumah na cikin waɗanda ya ƙarfafa wa gwiwa, shi ma ya tafi Lincoln a 1935.

A 1960 aka buɗe Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, wadda ya yi ruwa ya yi tsaki wajen kafa ta bisa tsarin jami'o'in Amurka, don ɗan talaka ya sami digiri ba sai ya ƙetare teku ba.

Ya zama Gwamna Janar a 1960, sannan shugaban ƙasa daga 1963 zuwa 1966. Ya rasu a Enugu ranar 11 ga Mayun 1996 yana da shekara 91.