Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, Malamin Tarihi na Samaru

Mutumin da muka kawo tarihinsa a wannan fitowa ba ɗan Ikilisiya ba ne. Musulmi ne, kuma jinin sarauta, amma aikin da ya yi a Samaru ya shafi zaman lafiyarmu duka.

An haifi Yusufu Bala Usman a Musawa ta ƙasar Katsina a shekara ta 1945. Jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne. Ya karanta tarihi a Jami'ar Lancaster ta Ingila, da ya komo ya koyar a Kwalejin Barewa, sa'an nan ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya sami digirin dokta a 1974 da bincike kan tarihin Katsina.

Abin da ya sa sunansa ya fita shi ne yadda yake riƙon shaida. A wurinsa, kasancewar magana a rubuce bai mai da ita gaskiya ba. Sai an tambaya: wa ya faɗa, a ina ya ji, me zai samu idan aka yarda? Ko Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Katsina a 1851, wanda masana suka daɗe suna dogara da rahotonsa, bai tsira daga wannan awo ba. Haka kuma ya ƙi yarda da masu fassara jihadin Shehu Usmanu a matsayin faɗan Fulani da Haɓe kawai, ya nuna cewa sha'anin mulki da tattalin arziki na cikin lamarin.

Bai tsaya a aji ba. A 1976, shi da Dokta Segun Osoba suka saɓa wa sauran 'yan kwamitin tsara tsarin mulki, suka rubuta nasu rahoton dabam. Daga baya ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin Gwamna Balarabe Musa.

Manyanmu na Sabon Gari da Samaru ba su manta da watan Maris na 1987 ba, sa'ad da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙone majami'u. A shekarar nan ce littafinsa, The Manipulation of Religion in Nigeria, ya fito. Hujjarsa ita ce, masu neman mulki da dukiya ne ke fakewa da addini su raba kan talakawa, alhali yunwa da jahilci ba sa tambayar wanda ke zuwa masallaci ko majami'a. Ba kowane ra'ayinsa na siyasa muke ɗauka ba, harshensa kuma yana da kaifi. Amma a lokacin da zukata suka yi zafi, kowa na neman wanda zai ɗora wa laifi, samun Musulmi masani da zai ce a bincika wa ke cin ribar wutar ba ƙaramin abu ba ne.

Muna faɗin wannan domin iyaye da yawa a cikinmu sukan ɓata rai idan yaro ya ce tarihi ko falsafa zai karanta, sai dai likita ko injiniya. Likita yana ɗinke wanda aka sara. Yaron da ya iya auna jita-jita kuwa ba ya ɗaukar adda tun farko. Ikilisiya ma ba ta naɗa firist sai ya yi shekaru yana karatun falsafa, kuma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta wasiƙa guda a 1998 kan yadda bangaskiya da hankali suke tafiya tare.

A ƙarshen rayuwarsa Dokta Bala ya jagoranci cibiyar bincike ta CEDDERT a nan Zariya. Ya rasu ran 24 ga Satumba, 2005, yana da shekara 60. Allah ya ji ƙansa.