MARIGAYI ALHAJI ISA KAITA: MALAMIN MIDIL DA YA ZAMA MURYAR HAUSA A ANKARA

Daga Wakilinmu na Arewa, Yola

Duk ɗan Arewa da ya taɓa zaman kurmi ya san matsayin akwatin rediyo a wurin baƙo. Ko a Agege kake, ko a Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Anaca, da zarar an idar da sallar magariba aka murɗo tashar Hausa, sai ka ji kamar an rage maka rabin nisan gida. To, jama'a, an yi wani zamani da abin yake a juye, watau muryar Hausa daga bakin teku take tasowa, mutanen gida su ne masu kasa kunne. Ɗaya daga cikin masu wannan murya kuwa shi ne Marigayi Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina. Yawancin mutane da Ministan Ilmi na Jihar Arewa suka san shi. Kaɗan ne suka san cewa kafin ya hau wannan kujera sai da ya yi wajen shekara tara yana koyar da yara, sa'an nan ya yi shekara uku yana karanta labarai a gidan rediyon Ankara, babban birnin Gana.

An haife shi a Katsina cikin shekarar 1912. Mahaifinsa shi ne Waziri Haruna, watau ɗan gidan sarauta ne, ya buɗe ido ya ga fada. A 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, makarantar nan da Turawa suka kafa don horar da malamai, wadda daga baya ta koma Kaduna, ta sake komawa Zariya, ta zama Barewa. Ahmadu Bello yana gabansa da shekara guda, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana bayansa da shekara guda, Abubakar Imam kuwa tare suka shiga. Abin da wannan kwaleji ta yi suna a kansa shi ne gyaran baki. Malamanta ba su yarda yaro ya san Turanci a takarda kawai ba, sai ya tsaya gaban jama'a ya furta shi kalma kalma, a ji shi sarai. Ba wanda ya yi zaton rediyo a lokacin, amma ga shi wannan horo ya yi rana.

Da ya gama a 1932 sai aka tura shi Midil ta Katsina, inda shi ma Abubakar Imam ya fara koyarwa. A wancan zamani babu talabijin balle a ce ga shirin yara. Wanda zai tara yara ya ba su labarin ƙasashen da ba su taɓa gani ba, ya zana musu kogi da teku a allo, ya sa su dariya don kada barci ya kwashe su, shi ne malamin aji. Kuma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san yaro ba ya munafunci. In bai gane ba, fuskarsa za ta gaya maka nan take, dole ka sake neman wata hanyar faɗa.

Ana cikin haka sai aka ɗauke Abubakar Imam zuwa Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a watan Janairu 1939. Shi kuwa Malam Isa yana nan cikin aji har Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke.

A nan sai mu ɗan tsaya, don in ba a san halin da ake ciki ba, ba za a gane abin da ya kai malamin Katsina har ƙasar Gwanja ba. A watan Yuni 1940 Jamus ta ci Faransa, sai ƙasashen da Faransa ke mulki a Afirka suka rabu biyu. Cadi da Kamaru suka bi Janar Digol a watan Agusta na wannan shekara, suka zama abokan Ingila. Saboda haka mu a nan Yola da Jimeta hankali a kwance yake ta wajen Garwa. Amma Nijar da Dahome da sauran ƙasashen yamma suka tsaya bayan gwamnatin Faransa da ta miƙa wuya ga Hitila, suka kuwa zauna a haka har ƙarshen 1942. Ka ga ke nan mutumin Katsina da na Maraɗi, ga dangantaka, ga kasuwa ɗaya, sun wayi gari iyayen gijinsu ba sa ga maciji da juna. Ita ma Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, ƙasashen Faransa sun kewaye ta gabas da yamma da arewa, ga kuma rediyon Dakar yana watsa nasa bayanin.

Ankara tana da ɗan gidan rediyo mai suna ZOY, wanda Gwamna Arnold Hodson ya buɗe a 1935. Da farko ta waya yake kai magana cikin gidajen gari. Da yaƙi ya zo sai aka gina masa sabon gida a 1940, aka sa injin da zai iya jefa murya nesa, aka shiga yin shiri da harsunan ƙasa da Faransanci da Hausa. Dalilin sa Hausa a fili yake. Da ita ake magana a barikin soja tun daga Nijeriya har Gana, ita ce harshen fatake a hanyar goro, ita ce ta zango-zango, kuma ana jin ta a Damagaram da Maraɗi da Tawa. A 1941 aka ɗauko malamai biyu daga Arewa don wannan aiki, Malam Isa Kaita daga Midil ta Katsina, da Malam Bello Dandago daga Midil ta Kano, wanda daga baya ya zama Sarkin Dawaki Mai Tuta.

Aikin ba ƙarami ba ne. Labari yakan zo da Turanci, cike da sunayen garuruwa da makaman da Bahaushe bai taɓa ji ba, kai kuma sai ka mai da shi Hausar da soja a bariki da ɗan kasuwa a zango da bafade a ƙofar fada za su gane a ji ɗaya, don ba a ce wa rediyo maimaita. Ga jirgin ƙarƙashin ruwa, ga tankar yaƙi, ga bam daga sama. Ga Habasha inda sojojinmu suka yi yaƙi da Italiya a 1941, ga kuma Bama inda aka kwashe su daga 1943. Mai jarida yana da damar gogewa ya sake rubutawa, mai karatu kuma ya koma baya in ya ɓace. Mai rediyo ba shi da wannan dama, kuma ba ya ganin fuskar mai sauraro. A ganina dalilin da ya sa aka nemi malaman aji ke nan, mutanen da suka saba hango inda kai zai ɗaure tun kafin a kai wurin.

Kada mu ɓoye gaskiya, gidan rediyon na Turawan mulki ne, abin da suke so a ji shi ake faɗa. Akwatunan rediyo kuma ƙalilan ne a Arewa, sai a bariki da gidan sarki da gidajen manyan ma'aikata. Duk da haka a lura da shekaru. Sashen Hausa na BBC sai a watan Maris 1957 ya fara, Rediyon Kaduna kuwa sai 1962. Waɗannan malamai biyu sun riga su da shekara goma sha shida da kuma ashirin da ɗaya. Kuma su ma baƙi ne a bakin teku kamar masu karanta wannan shafi, a garin da Hausawa suka daɗe da kafa unguwanni irin su Sabon Zango.

A 1944 ya komo gida. A shekarar ce Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi, Malam Isa ya zama sakataren sarki, ya shiga aikin En'e. A 1948 ya tafi Ingila ya yi kwas na sha'anin mulki a Exeter. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ya riƙe mata sakataren kuɗi, aka zaɓe shi Majalisar Kaduna a 1951. A 1954, shekarar da Sardauna ya zama Firimiya, aka ba shi Ministan Ayyuka. A 1957 ya karɓi Ma'aikatar Ilmi daga hannun Alhaji Aliyu Makaman Bida, ya riƙe ta har ran 15 ga Janairu 1966 da soja suka yi juyin mulki.

Waɗannan shekaru su ne ake auna shi da su, kuma har yanzu ana gardama a kansu. Jihar Yamma ta fara ilmin firamare kyauta ga kowa a 1955, Jihar Gabas ta bi sahu a 1957, amma Arewa ba ta bi ba. Gwamnatin Sardauna ta ɗauki hanyar fara samar da malamai tukuna, da kwalejojin horar da su, da makarantun sakandare a larduna, don a sami 'yan ƙasa da za su riƙe ofisoshi. Masu suka suna cewa an yi nawa, tazarar da ke tsakaninmu da Kudu ta ƙara faɗi. Masu kare shi suna cewa aji ba malami rumfa ce kawai. Ni dai ina ganin kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, amma ba abin mamaki ba ne tsohon malamin Midil ya tsaya a inda ya tsaya. A zamaninsa aka yi Dokar Ilmi ta 1962, aka buɗe Babbar Kwalejin Malamai ta Zariya, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na wannan shekara. Har ila yau, da mutanen Mubi da Ganye da Gembu da Gwoza suka zaɓi zama a Nijeriya a ƙuri'ar 1961 aka yi Lardin Sardauna, makarantunsu a wuyan ma'aikatarsa suka rataya.

Bayan juyin mulki ya zauna a Kaduna, ya shiga harkar kamfanoni da ta Jama'atu Nasril Islam. Ya riƙe sarautar Madawakin Katsina, daga baya aka naɗa shi Waziri, sarautar mahaifinsa. A zamanin Shugaba Shehu Shagari ya shugabanci hukumar kula da ɗa'ar ma'aikata. Yana cikin dattawan da suka dage sai an ba Katsina jiharta, ya kuwa ga an yi ta a watan Satumba 1987. Akwai titi mai sunansa a Kaduna, Kwalejin Ilmi ta Dutsin-Ma ma sunansa aka sa mata.

Ya rasu a watan Nuwamba 1994, yana da shekara 82. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.